Abin da ya kamata ku sani game da karatun gida a wajen Kiristocin Amurka

A Amurka akwai yaran da ba su taɓa jin ƙararrawar makaranta ba, amma kullum suna aji. Idan gari ya waye aka karya kumallo, sai uwa ta kwashe kwanuka, ta goge teburin cin abinci, nan take teburin ya koma wurin darasi. A gidajen Kiristoci masu riƙo da addini, da addu'a da karatun Littafi Mai Tsarki ake buɗewa, sannan a shiga lissafi da Turanci da kimiyya da tarihi. Uwar ce malama, ita ce hedimasta, ita ce mai duba jarrabawa, sau da yawa ma ga jariri a cinya.

Ba su da yawa a da, amma yanzu sun wuce a ce tsiraru ne. Hukumar ƙididdigar ilimi ta gwamnatin tarayyar ƙasar ta kiyasta cewa a 1999 yara 850,000 ne ke karatu a gida. Zuwa 2012 sun kusa miliyan 1.8, wato sama da kashi 3 cikin 100 na yaran da suka isa shiga makaranta. Da annobar korona ta zo, hukumar ƙidayar jama'a ta gano cewa a cikin 2020 kaɗai gidajen da ke koyar da yaransu da kansu sun tashi daga kashi 5.4 zuwa kashi 11.1 cikin 100. Ba dukkansu ne Kiristoci ba. Akwai Musulmi, akwai Yahudawa, akwai waɗanda ba ruwansu da kowane addini. Sai dai Kiristoci ne suka gina kasuwar littattafan da ƙungiyoyin da harkar ta jingina da su. A binciken gwamnati na 2007, iyaye 83 cikin 100 sun ambaci tarbiyyar addini ko ta ɗabi'a a cikin dalilansu, 36 cikin 100 kuma sun ce ita ce babban dalilin.

Koyar da yaro addininsa a gida ba abin mamaki ba ne ga kowane Bahaushe. Abin da ke ɗaure kai shi ne cewar da waɗannan iyaye suke yi wai har lissafi da kimiyya da tarihi suna koyar da su ne ta fuskar Kiristanci. Biyu da biyu huɗu ne a coci, huɗu ne a masallaci, huɗu ne a Kasuwar Kurmi. To mene ne na Kiristanci a ciki?

Yadda abin ya samo asali

Makarantun gwamnati a Amurka sun daɗe ana buɗe su da addu'a da karatun Littafi Mai Tsarki. A 1962 Kotun Ƙolin ƙasar ta hana hukuma tsara wa ɗalibai addu'a, a 1963 kuma ta hana karatun Littafi Mai Tsarki a matsayin ibada a aji. Furotesta masu riƙo da nassi suka ga tamkar an kori Allah daga makaranta ne. Coci-coci suka shiga buɗe makarantunsu. Ba za a ɓoye ba, a kudancin ƙasar wasu daga cikin makarantun nan sun tsiro ne a daidai lokacin da kotu ta tilasta haɗa yara baƙaƙe da farare a aji ɗaya, kuma wasu iyaye farare gudun hakan suka yi, ba kishin addini kaɗai ba.

Kiran a mayar da yara gida ya fito ne ta ƙofa biyu. John Holt, wani malamin makaranta da ba addini ne ya dame shi ba, ya ce tsarin aji yana kashe wa yaro sha'awar sani. A 1977 ya fara buga mujalla don iyayen da suka cire yaransu daga makaranta. Ta ɗaya ƙofar kuma Raymond Moore da matarsa Dorothy ne, mabiya cocin masu sujada ranar Asabar, waɗanda littafinsu na 1975 ya ce kai yaro makaranta da wuri yana cutar da shi, gara a jinkirta har ya kai shekara takwas ko fiye. Da James Dobson ya gayyaci Moore shirinsa na rediyo, wanda miliyoyin Kiristoci ke saurare, sai maganar ta shiga gidajen da Holt bai taɓa isa ba.

A lokacin, iyaye da yawa sun sha zuwa kotu bisa zargin hana yara makaranta. A 1983 wasu lauyoyi biyu, Michael Farris da Michael Smith, suka kafa ƙungiyar HSLDA don kare irin waɗannan iyaye. Suna da hukunce-hukuncen da za su dogara da su: a 1925 Kotun Ƙoli ta ce jihar Oregon ba ta da ikon tilasta wa kowane yaro shiga makarantar gwamnati, a 1972 kuma ta yarda 'yan ɗariƙar Amish na jihar Wisconsin su cire yaransu bayan aji takwas. Jiha bayan jiha aka yi ta fafatawa, har zuwa 1993 lokacin da karatun gida ya halatta a duka jihohi 50.

Hujjarsu

Tushen maganar shi ne babu ilimin da ke tsaye a tsakiya. Wani malamin tauhidin Kirista, Cornelius Van Til, ya koyar da cewa duk mai koyarwa daga wani imani yake tasowa, ko ya sani ko bai sani ba. Makarantar da ta shafe shekara 12 tana koya wa yaro duniya da abin da ke cikinta ba tare da ta ambaci Mahalicci ba, a ganinsu, ta riga ta koya masa darasi guda: cewa ana iya gane komai ba tare da Allah ba. Wani malamin kuma, Rousas Rushdoony, ya ƙara zafafa maganar a littafinsa na 1963, inda ya zargi makarantun gwamnati da zama wani sabon addini mai alkawarin ceton al'umma ta hanyar boko. Iyayen sukan kafa hujja da sura ta 6 ta Kubawar Shari'a, wadda ta ɗora wa mahaifa nauyin koya wa 'ya'yansu umarnin Allah a zaune da tafe, da kuma littafin Karin Magana da ya sa tsoron Ubangiji a matsayin mafarin sani.

Wannan tunani ba baƙo ba ne ga wanda ya ga yadda makarantun Islamiyya masu haɗa boko da addini suka yawaita a Kano da Kaduna da Sakkwato. Damuwar ɗaya ce: kada yaro ya tashi da kai biyu, ɗaya na ranar ibada, ɗaya na ranar aiki.

A aikace kuwa, hanya biyu ake bi, kuma su kansu malaman Kirista suna bambanta su. Akwai mai ɗauko darasin da kowa ke koyarwa ya manna masa aya a saman shafi, kamar mai liƙa takarda a jikin kwalba. Akwai kuma mai ƙoƙarin nuna wa yaro dalilin da ya sa fannin kansa yake da ma'ana ga mai imani. Ta farkon ta fi sauƙi, ita ce kuma ta fi cika kasuwa.

Littattafan da ake amfani da su

Kamfanoni uku ne suka daɗe da riƙe ragamar kasuwar, dukkansu kuma don makarantun coci aka fara su kafin iyaye su karɓe. Abeka ya fito daga makarantar da Arlin Horton da matarsa Beka suka kafa a Pensacola ta jihar Fulorida a 1954. An san shi da tsohon salo: haɗa baƙi da wasali tun yaro yana ƙarami, hadda, maimaici, rubutun hannu mai kyau da yawan jarrabawa. BJU Press ya samo asali daga Jami'ar Bob Jones ta jihar Karolaina ta Kudu. Na ukun shi ne ACE, wanda Donald Howard ya fara a jihar Teksas a 1970. Tsarinsa ƙananan littattafai ne, 12 a kowane fanni a shekara. Yaro ya karanta da kansa, ya cike gurbi, ya duba amsarsa, ya yi gwaji, in ya ci ya wuce na gaba. Kowane ɗan littafi yana ɗauke da ayar da za a haddace da halin kirkin da ake so yaro ya koya. Uwar da ba ta yi nisa a boko ba tana jin daɗinsa, domin ba ya buƙatar ta iya darasin. A nan ne kuma rauninsa yake. Yaron da ya saba cike gurbi shi kaɗai ba ya samun wanda zai yi musu da shi.

Iyayen da suka gaji da wannan salo sun koma ga wasu hanyoyi biyu da suka fi armashi. Ɗaya ita ce ta Charlotte Mason, wata malama 'yar Ingila da ta rasu a 1923, wadda littafin Susan Schaeffer Macaulay na 1984 ya farfaɗo da sunanta. A wajenta darasi gajere ne. Ba a ba yaro littafin makaranta busasshe, sai littafin da marubuci ɗaya mai son fanninsa ya rubuta. Idan an karanta masa shafi, sai a rufe littafin a ce ya maido da abin da ya ji da bakinsa. Da rana kuma a fita waje da littafin zane, ya dubi tsuntsu ko ganye ya zana abin da idonsa ya gani.

Ɗayar ita ce wadda suke kira karatun gargajiya irin na mutanen da, wadda ta samo ƙarfi daga wata lacca da marubuciya Dorothy Sayers ta gabatar a Oxford a 1947. Ta raba karatu hawa uku: nahawu, manɗiƙi, balaga. Duk wanda ya taɓa zama a zauren malami ya san waɗannan sunaye. Sayers ta ce ƙaramin yaro yana son hadda, don haka a cika shi da hadda. In ya fara tsaurin ido da gardama, a koya masa yin gardamar bisa ƙa'ida. In ya balaga, a koya masa tsara magana da rubutu. Masu bin wannan hanya suna koyar da Latin tun daga firamare. Shirin Classical Conversations, wanda Leigh Bortins ta fara a 1997, yana tara iyalai sau ɗaya a mako, galibi a harabar coci, yara su rera jerin shekarun tarihi da ƙa'idojin kimiyya kamar waƙa. Katolika su ma suna da nasu, irin su Seton da ke jihar Bajiniya, haka 'yan ɗariƙar Mennonite.

Lissafi da harshe

A lissafi abin ba shi da zafi. A matakin ƙasa, Kiristancin yana cikin misalai ne. A ce wa yaro ya fitar da ushiri, wato ɗaya bisa goma da ake kai wa coci, daga abin da ya samu. Ko a ba shi awon jirgin Nuhu, kamu 300 a tsawo, 50 a faɗi, 30 a tsayi, a ce ya nemo girman cikinsa. A mataki na sama kuma ana kawo tambayar da ta daɗe tana damun masana: me ya sa lissafin da mutum ya yi a takarda yake dacewa da tafiyar taurari? Masanin kimiyya Eugene Wigner ya rubuta maƙala a 1960 yana mamakin wannan dacewa. Amsar malamin Kirista ita ce wanda ya tsara sammai shi ne ya tsara hankalin ɗan Adam, shi ya sa suka fahimci juna. Ko mutum ya yarda ko bai yarda ba, tambaya ce mai kyau a jefa wa ɗan shekara 15.

Wani lokacin dai akan wuce gona da iri. Abeka ya taɓa tallata littattafansa da cewa bai cika su da lissafin zamani irin na rukunin abubuwa ba, alhali kuwa a kan wannan reshe ne aka ɗora yawancin lissafin jami'a da na kwamfuta. Iyaye Kiristoci da yawa ba sa ma wahalar da kansu. Sukan sayi littattafan lissafi na Saxon ko tsarin lissafin Singafo, waɗanda babu aya ko ɗaya a cikinsu, su bar addini ga darasin addini.

Harshe da adabi su ne inda karatun gida ya fi ƙarfi. Yaran suna karatu sosai, ana kuma yi musu karatu da babbar murya har sun girma. Saɓanin da ke nan na zaɓen littafi ne: wasu iyaye ba sa barin labarin da ke da sihiri ko tatsuniyoyin gumakan Girka ya shiga gidansu, wasu kuma suna ganin yaron da bai karanta Homer da Shakespeare ba bai yi karatu ba.

Kimiyya, inda gizo ke saƙar

Mafi yawan abin da ke cikin littafin kimiyyar sinadarai ko ta ƙarfi da motsi iri ɗaya ne da na kowace makaranta. Ruwa ba ya canja yadda yake tafasa don an buɗe darasi da addu'a. Littattafan ma suna son tuna wa yaro cewa Kepler da Newton da Boyle da Faraday da Maxwell duk masu imani ne, kuma Mendel, wanda ya gano yadda ake gadon kamanni ta hanyar shuka wake, limamin Katolika ne. Wannan gaskiya ce.

Rigimar tana kan tambaya biyu: shekarun duniya nawa, kuma yaya halittu suka kai ga siffofinsu na yau? Masana duwatsu da taurari sun tsaya a kan cewa duniya ta kai kimanin shekara biliyan 4.5, masana halittu kuma sun tsaya a kan ka'idar juyin halitta da ake dangantawa da Darwin. Manyan kamfanonin nan uku, da Apologia wanda Jay Wile, mai digirin digirgir a kimiyyar sinadarai, ya rubuta wa littattafan sakandare na farko, suna koyar da cewa an yi halitta cikin kwana shida na sa'a 24, shekaru dubu shida zuwa dubu goma da suka wuce, kuma ruwan tsufana na zamanin Nuhu ne ya jera duwatsu ya binne ƙasusuwan da ake tonowa. Wannan fahimta ta samu gindin zama ne bayan littafin da John Whitcomb da Henry Morris suka fitar a 1961. A yau Ken Ham ne babban kakakinta. Ƙungiyarsa ta buɗe gidan tarihin halitta a jihar Kentucky a 2007, ta kuma gina katafaren kwaikwayon jirgin Nuhu a 2016, wuraren da iyalai masu karatun gida ke kai yara ziyara.

Kuskure ne a ɗauka wannan ce matsayar Kiristoci gaba ɗaya. Georges Lemaître, wanda ya fara kawo bayanin cewa sararin samaniya yana faɗaɗa daga wani mafari guda, limamin Katolika ne ɗan Beljiyam. Paparoma Pius na 12 a 1950 ya bar ƙofar binciken juyin halitta a buɗe, Paparoma John Paul na 2 kuma ya ƙara buɗe ta a 1996. Francis Collins, wanda ya jagoranci aikin karanta ƙwayoyin gadon ɗan Adam, Furotesta ne mai riƙo da addini, kuma ya kafa ƙungiyar BioLogos a 2007 don nuna cewa imani da juyin halitta ba sa karo. Akwai kamfanonin Kirista irin su Novare da ke koyar da cewa duniya tsohuwa ce. Saɓanin yana da zafi har a cikin gida: a 2011 masu shirya wani babban taron karatun gida sun janye gayyatar da suka yi wa Ken Ham saboda sukar da ya yi wa wani malamin Littafi Mai Tsarki, Peter Enns, wanda shi ma aka gayyata.

Abin yana da farashi. Jami'ar Kalifoniya ta ƙi amincewa da wasu darussan makarantun Kirista da aka koyar da littattafan BJU da Abeka a matsayin cika sharaɗin shiga jami'a. Ƙungiyar makarantun ta kai ƙara a 2005, ta sha kaye a 2008, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin a 2010. Wani littafin ilimin halittu na ACE kuwa ya jawo wa kansa dariya da ya kawo dodon tafkin Loch Ness na ƙasar Sikotilan, wanda ba a taɓa tabbatar da wanzuwarsa ba, a matsayin alamar cewa manyan dabbobin zamanin da suna nan da rai.

A ganina, haƙƙin uba ne ya gaya wa ɗansa abin da ya yi imani da shi game da halitta. Abin da ba haƙƙinsa ba ne shi ne ya ba shi gurguwar siffar abin da masana suke faɗa. Yaron da aka gaya masa cewa hujjojin juyin halitta shirme ne da kowane ɗan firamare zai rushe, ranar da ya shiga ajin farko na jami'a ya ga yadda ake auna shekarun dutse, ba littafin kimiyyar kaɗai zai daina yarda da shi ba. Malaman Kirista da dama sun faɗi haka da bakinsu.

Akwai kuma matsalar kayan aiki. Teburin cin abinci ba ɗakin gwaje-gwaje ba ne. Iyaye sukan yi odar madubin ƙara girma da kwaɗon da za a feɗe ta gidan waya, ko su haɗa kai gida goma ko ashirin, uwar da ta karanci aikin jinya ta ɗauki ilimin halittu, uban da yake injiniya ya ɗauki lissafi. Manyan yara kuma sukan je ƙananan kwalejojin unguwa su ɗauki darussan da suka fi ƙarfin iyayensu.

Tarihi

Nan ma akwai ƙura, ko da yake ba a cika jin ta ba. Littattafai da yawa suna koyar da tarihi a matsayin aikin hannun Allah cikin al'amuran mutane, su ba Amurka matsayi na musamman: masu gudun hijirar addini da suka sauka a 1620, da iyayen ƙasa da ake nunawa a matsayin Kiristoci na ƙwarai. Wahalar ita ce tarihi ba ya zama yadda ake so. Thomas Jefferson, ɗaya daga cikin iyayen ƙasar, ya yanke mu'ujizai daga nasa kwafin Linjila, ya kuma mallaki ɗaruruwan bayi. A 2012 kamfanin buga littattafan Kirista na Thomas Nelson ya janye littafin David Barton a kan Jefferson daga kasuwa, bayan masana tarihi, cikinsu har da Kiristoci masu ra'ayin riƙau, sun nuna kurakuransa. An kuma sha sukar wasu littattafan da sassauta munin bauta da wariyar launin fata. Jami'ar Bob Jones kanta sai a 2000 ta ɗage dokar hana soyayya tsakanin ɗalibai baƙaƙe da farare, ta nemi gafara a 2008.

Wani abu da zai ba mai karatu sha'awa shi ne yawan tarihin 'yan mishan da yaran ke karantawa. A jerin littattafan da suka shahara a gidajen nan akwai na Mary Slessor da ta zauna a yankin Kalaba, akwai na Rowland Bingham, wanda ya sauka Ikko a 1893 da niyyar kutsawa ƙasashenmu, wanda kuma mishan ɗinsa ta SIM ce ta haifi cocin ECWA. Ke nan yaro a wani ƙauyen Teksas yana iya fara jin labarin wannan yanki ta idon Bingham. Ko zai ji labarin Kano da fataucinta, da Katsina da malamanta, da rubuce-rubucen Nana Asma'u, wannan ya rage ga uwar da ke zaɓa masa littafi.

Shin yaran suna iya karatun?

Za ku ji ana cewa yaran gida sun fi na makaranta cin jarrabawa nesa ba kusa ba. A yi hattara da wannan magana. Yawancin alƙaluman sun fito ne daga binciken Brian Ray, wanda shi kansa mai goyon bayan harkar ne, kuma iyalan da suka ga dama ne suka miƙa sakamakon yaransu. Wanda ɗansa bai iya karatu ba ba zai yi rige-rigen kawo takarda ba. Robert Kunzman da Milton Gaither, da suka tattara binciken da aka yi a 2013, sun ga alamar cewa yaran suna yin fice a harshe amma suna ɗan ja baya a lissafi. Wani ƙaramin bincike a Kanada a 2011, da ya gwada yara 37 na gida da 37 na makarantar gwamnati, ya nuna cewa waɗanda iyayensu ke bin tsararriyar manhaja sun fi 'yan makaranta, waɗanda aka bari ba tsari kuma sun koma baya.

Sa idon hukuma ya danganta da jiha. A New York sai iyaye sun miƙa tsarin karatun shekara da rahoto sau huɗu. A Teksas ko sanar da hukuma ba dole ba ne. Wannan sakaci ne ya sa wasu da suka tashi a karatun gida suka kafa ƙungiya a 2013 suna neman a riƙa bibiyar yaran, domin sun san gidajen da aka fake da karatun gida aka bar yara ba ilimi, ko aka ɓoye cin zarafi. Wasu ƙasashen ba sa ma yarda: a Jamus haramun ne, har wani iyali Kirista, gidan Romeike, suka tsere zuwa jihar Tennessee a 2008 suna neman mafaka. Faransa ta tsaurara dokarta a 2021, yanzu sai da izini. Afirka ta Kudu kuwa ta halatta shi tun 1996.

Nauyin duka a wuyan mace yake sauka. Ita ke barin aiki, gida ya koma dogaro da albashi ɗaya, ita ke koyon aljabara da dare don ta koyar da safe.

Littattafan nan sun daɗe da ƙetare teku. A da, 'yan mishan da ke aiki a ƙasarmu makarantun kwana suke kai 'ya'yansu, irin su Hillcrest ta Jos da aka buɗe a 1942 da Kent Academy ta Miango. Manhajar Sonlight, da aka fara a 1990, an tsara ta ne tun farko don irin waɗannan iyalai su riƙe yaransu a gabansu. Yau da intanet, kowa na iya yin odar Abeka ko ACE daga Jos ko Abuja. Mai niyyar yin haka ya sani cewa don ɗan Amurka aka rubuta su: kuɗin dala ne, awon inci da mil ne, tarihin na shugabannin Amurka ne. Dokar ilimin bai-ɗaya ta Najeriya ta 2004 ta ɗora wa iyaye alhakin ganin yaro ya kammala firamare da ƙaramar sakandare, don haka a fara tuntuɓar hukumar ilimi ta jiha. Kafin a biya kuɗi kuma, a buɗe littafin ilimin halittu a gwada shi da manhajar WAEC, domin tana tambaya a kan Lamarck da Darwin, kuma amsar da ke cikin manhajar ce mai duba takarda zai ba maki.